Yadda shafin kasuwanci ke fitowa a binciken Google, da nauyin da ke kan maginin shafi

Inganta shafi domin injin bincike, wanda a Turance ake taƙaita sunansa da haruffa uku, SEO, shi ne dukkan gyare-gyaren da ake yi wa shafin intanet domin ya fito a sahun gaba idan mutum ya rubuta abin da yake nema a Google ko makamancinsa, ba tare da an biya kuɗin talla ba. Sunan ya fara yawo a tsakanin masu harkar intanet wajen shekarar 1997, shekara guda kafin Larry Page da Sergey Brin su kafa kamfanin Google a Amurka. A Najeriya, fiye da kashi 90 cikin ɗari na binciken intanet ta Google ake yin sa, saboda haka maganar SEO a nan kusan duk maganar ƙa'idojin Google ce.

Sakamakon da injin ke nunawa iri biyu ne. Akwai na talla, wanda ake biya kuma ake yi masa alama, da zarar kuɗin ya ƙare sai ya ɓace. Akwai kuma na asali, wanda ba a sayen gurbinsa, injin ne ke jera shi gwargwadon yadda ya auna dacewar kowane shafi da buƙatar mai nema. Wannan na biyun shi ne fagen SEO, kuma akasarin masu nema ba sa wuce jerin farko da ya bayyana a fuskar wayarsu.

Dalilin da batun ya shafi gaɓar Tafkin Kainji

Masarautar Yawuri, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga a kudancin Jihar Kebbi, ƙasa ce da cinikinta ya daɗe yana dogaro da baƙo. Tun zamanin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, Yawuri zango ce a bakin Kogin Kwara. Bayan kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin da ya taru a bayanta, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,300, ya shafe tsibirai da ƙauyuka da dama, aka sake wa dubban mutane matsuguni, yankin kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren kamun kifi na cikin ƙasa. Kifin banda, da albasar da Gungawa suka shahara da nomanta, da shinkafa, duk suna fita ta babbar hanyar da ta taso daga Kwantagora ta ratsa Yelwa zuwa Koko da Jega da Sakkwato, ko ta gangara kudu. Wanda zai ci ko ya sari kayan sau da yawa yana Legas ko Ibadan ko Abuja.

A tsohon tsari, baƙon da ya sauka gari yakan nemi mai masauki da dillali, su ne za su nuna masa wanda ke da haja, su kuma tsaya masa a kan amana. Wannan tsari yana nan bai mutu ba, sai dai wani ɓangare na masu saye, musamman masu gidajen abinci da manyan kantuna da jami'an sayayya na ma'aikatu, wayarsu suke fara tambaya kafin su tambayi mutum. Injin bincike yana yin rabin aikin dillali, wato nuna wa baƙo ƙofa. Ba ya karɓar la'ada, amma ba ya iya nuna wanda bai sani ba. Ɗan kasuwar da ya biya aka gina masa shafi mai kyawun gani, alhali injin bai san da shi ba, ya gina shago ne a lungun da babu mai bi.

Yadda injin bincike ke aiki

Aikin injin hawa uku ne. Na farko yawo: wata manhaja mai suna Googlebot tana bin mahaɗai, wato wuraren da ake latsawa a tsallaka daga shafi zuwa shafi, tana karanta abin da ta tarar. Na biyu adanawa: abin da ta karanta ana tace shi a shigar da shi wani katafaren kundi. Na uku jerawa: idan mutum ya yi tambaya, cikin kundin ake dubawa, a fito da shafukan da suka dace, a jera su. Shafin da bai shiga kundi ba ba zai taɓa fitowa ba, komai kyansa.

Dabarar da ta ɗaukaka Google tun farko ita ce PageRank, wadda Page da Brin suka ƙirƙira suna ɗalibai a Jami'ar Stanford. Dabarar tana ɗaukar kowane mahaɗi a matsayin shaida: idan wani shafi ya yi nuni zuwa ga wani, tamkar ya shaide shi ne, nauyin shaidar kuma ya danganta da darajar mai bayar da ita. A misali, mahaɗi guda daga jarida ta ƙasa, ko daga cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke New Bussa, zai fi wa mai sayar da kifi amfani a kan mahaɗai ɗari daga shafukan da ba su da mai karatu. A yau ma'aunan sun yi yawa, sun haɗa da ma'anar tambaya, da wurin da mai tambayar yake, da ingancin rubutu, da sauƙin amfani da shafin a waya.

Kalmomin nema da rikicin sunaye

Tushen aikin shi ne sanin kalmomin da mai saye ke rubutawa, waɗanda sau da yawa sukan bambanta da waɗanda mai haja ke amfani da su. A nan yankin Yawuri yana da matsala tasa ta musamman. Hedikwatar masarautar sunanta Yelwa, amma akwai unguwar Yelwa a birnin Bauchi, akwai kuma garin Yelwa a ƙaramar hukumar Shendam ta Jihar Filato. Tunda injin yana la'akari da inda mai tambaya yake, wanda ya rubuta Yelwa kawai daga Jos ko Gombe yana iya samun sakamakon da ba na Kebbi ba. Maganin shi ne shafi ya riƙa ambaton cikakken wuri, Yelwa da Yawuri da Jihar Kebbi, a take da kuma cikin rubutu.

Bayan haka akwai saɓanin rubutu. Takardun hukuma suna rubuta Yauri, jaridun Hausa da dama suna rubuta Yawuri. Hedikwatar Ngaski ana ganin ta a rubuce Wara da Warra da Warrah, Birnin Yawuri kuma wasu sukan taƙaita shi zuwa Bin Yauri. Haka nan akasarin masu rubutu a waya ba sa sanya haruffa masu lanƙwasa, wanda ke neman tarwaɗa zai rubuta ta da dalin Turanci. Injin yakan gane kusancin irin waɗannan kalmomi, amma ba kullum ba, don haka ya dace a zaɓi rubutu guda a matsayin na dindindin, sauran kuma su fito sau ɗaya ko biyu a cikin jimloli masu ma'ana.

Harshe ma abin lura ne. Mai saye daga Kano ko Sakkwato yana iya nema da Hausa, na Legas da Turanci zai nema. Shawarar Google ita ce kowane harshe ya samu shafinsa da adireshinsa, a kuma sanya alamar da ke haɗa su, maimakon a cakuɗa harsuna biyu a wuri guda. Fassarar inji da babu wanda ya duba ta takan ɓata sunayen kaya, ta mayar da giwan ruwa dabbar daji.

Sai kuma niyyar mai nema. Wanda ya rubuta kifin Kainji yana iya zama ɗalibi mai aikin makaranta, amma wanda ya rubuta farashin kwalin kifin banda a Yawuri da kuɗi a hannunsa yake tambaya. Dogayen tambayoyi irin wannan masu yin su kaɗan ne, sai dai gasa a kansu ba ta da tsanani, kuma su suka fi kusa da ciniki. Hanya mafi sauƙi ta gano su ita ce rubuta tambayoyin da abokan ciniki ke maimaitawa a waya, da duba ƙarashen da Google ke bayarwa da kansa idan an fara rubuta kalma a akwatin nema.

Aikin maginin shafi

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Yawancin abin da ke sa shafi ya fito ko ya ɓace ana yanke shi ne a lokacin gini, kuma a hannun magini yake.

Abu na farko shi ne waya. Tun watan Afrilun 2015 Google ya fara fifita shafukan da ke zama daidai a fuskar waya, kuma a 2023 ya sanar da kammala komawa ga tsarin da siffar shafi ta waya ita ce wadda yake karantawa ya adana. Maginin da ya nuna wa mai kasuwa aikinsa a babbar kwamfuta kawai bai nuna masa abin da injin da masu saye za su gani ba.

Na biyu sauri. A 2021 Google ya shigar da wasu ma'aunai na jin daɗin mai ziyara cikin lissafinsa, daga ciki har da cewa babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait da yawa, alhali ana iya matse shi ya koma ƙasa da kilobait 200 ba tare da ido ya ga bambanci ba. Wannan ya fi muhimmanci a ƙauyukan gaɓar tafki, inda sabis ke rauni, da kuma ga duk mai lissafin datarsa. Gwajin gaskiya shi ne a buɗe shafin da ƙaramar waya a tashar kwale-kwale, a ga tsawon lokacin da zai ɗauka.

Na uku rubutu. Al'adar sanya jerin kaya da farashi a cikin hoton talla tana da kyau a WhatsApp, amma a shafi tana ɓoye bayanin, domin injin ya fi dogaro da rubutun da aka buga a matsayin rubutu. Kowane hoto kuma yana buƙatar ɗan bayani a bayansa, wanda ke amfanar injin da kuma makafi masu amfani da manhajar karanta allo.

Na huɗu tsari. Kowace haja ta samu shafinta, na albasa daban, na karfasa da tarwaɗa daban, kowanne da takensa. Taken shi ne layin da ke fitowa a sakamakon bincike, kuma yakan yanke idan ya wuce haruffa kusan 60, don haka sunan haja da na gari su zo a farko. Take irin su Barka da zuwa ba ya gaya wa kowa abin da ake sayarwa.

Na biyar tsaro. Adireshin da ya fara da https yana nufin bayanan da ke tafiya tsakanin waya da shafi a kulle suke. Google ya sanya wannan cikin ma'aunansa a 2014, kuma tun 2018 manhajar Chrome ke yi wa shafin da ba shi da shi alamar rashin tsaro. Ana samun takardar shaidar kyauta daga Let's Encrypt, saboda haka babu hujjar barin ta.

Na shida gabatar da shafin ga injin. Magini yana haɗa taswirar shafi, wato jerin dukkan adireshinsa, ya miƙa ta ta Search Console, wadda hidima ce ta kyauta daga Google. Akwai wani kuskure da ya yawaita a shafukan da aka gina da WordPress, manhajar da ke ɗauke da kusan kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya: a lokacin gini akan kunna wani maɓalli da ke roƙon injunan bincike su kauce wa shafin, sai a manta ba a kashe shi ba. Shafi yana iya yin watanni a haka, mai shi yana mamakin shirun.

Taswira da binciken kusa

Ga masauki ko gidan abinci ko kantin magani ko shagon gyaran injin jirgin ruwa, abin da ya fi tasiri shi ne fitowa a taswira. Ana yin wannan ta Google Business Profile, wanda kafin 2021 ake kira Google My Business, kuma kyauta ne ga kasuwancin da ke hulɗa da mutane ido da ido. Google ya bayyana cewa abubuwa uku yake dubawa a nan: dacewa da abin da aka nema, da nisa, da shahara. Nisa ba ya hannun kowa, amma dacewa tana samuwa ta zaɓen rukunin sana'a daidai da cike lokutan buɗewa da lambar waya, shahara kuma ta ra'ayoyin abokan ciniki na gaskiya.

Inda babu sunan titi ko lambar gida, kamar yadda yake a garuruwa da yawa na Shanga da Ngaski, ana iya amfani da Plus Codes, gajerun lambobin da ke nuna wuri a taswira. Sharaɗin shi ne suna da adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a taswira da shafi da Facebook, domin saɓani yana rage amincewar injin da ta mai saye. Ƙananan 'yan kasuwa da dama wannan rajista da lambar WhatsApp sun ishe su, ba sai sun kashe kuɗi a kan cikakken shafi ba. Sai dai abin da aka sa a matsayin WhatsApp yana gogewa bayan awa 24, kuma injin bincike ba ya ganinsa.

Abin da ke kan mai kasuwa

Magini yana iya gina rumfa, amma ba shi ya san haja ba. Mai kasuwa ne ya san lokacin da albasar rani ke shigowa, da yadda ake banda, da kwanakin da kwali ke yi a hanya kafin ya isa Legas, da tashar da ake ɗora kaya, da wanda ke ɗaukar asara idan kaya sun lalace. Waɗannan bayanai su ne mai saye ke nema, kuma su ne babu wanda zai iya kwafowa daga wani wuri. Farashi ya zo da kwanan wata, domin tsohon farashi yana jawo gardama. Hotuna su zama na ainihin kaya. Lambar rajistar Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, da adireshi na zahiri suna kwantar da hankalin wanda zai tura kuɗi ga mutumin da bai taɓa gani ba. Shafin da ke karɓar sunaye da lambobin mutane kuma yana ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023.

Batu mafi haɗari shi ne mallaka. Adireshin shafi haya ce da ake sabuntawa, galibi duk shekara. Masu ƙarewa da .ng da .com.ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, kuma suna nuna wa injin cewa kasuwancin na Najeriya ne. Idan magini ya yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa, to a hannunsa adireshin yake, ranar da aka saɓa ko ya bar sana'ar, mai kasuwa yana iya rasa shafin da duk darajar da ya tara. Idan kuma wa'adi ya wuce ba a sabunta ba, wani yana iya saye. Saboda haka yarjejeniya ta kasance a rubuce: adireshi da masaukin shafi da asusun Search Console da na taswira duk da sunan mai kasuwa, kalmomin sirri a hannunsa, a kuma fayyace wanda zai riƙa sabuntawa da kuɗin da za a biya. Wannan ya shafi jami'in gwamnati da ke ba da kwangilar shafin ma'aikata kamar yadda ya shafi mai sayar da kifi.

Dabarun da ke jawo hukunci

Tun farkon sana'ar akwai masu neman yaudarar injin, ta hanyar cusa kalma guda sau da yawa, ko ɓoye rubutu da launin da ido ba ya gani, ko sayen mahaɗai. Google ya yi manyan gyare-gyare biyu a kan haka: Panda a 2011, wanda ya durƙusar da shafuka masu rubutun kwafe da marar amfani, da Penguin a 2012, wanda ya bi mahaɗan bogi. Tun 2009 kuma ya sanar cewa ba ya amfani da jerin kalmomin nema da ake ɓoyewa a kan shafi. Sayen ra'ayoyin ƙarya a taswira ya saɓa ƙa'ida, yana iya sa a goge su ko a dakatar da rajistar.

Google da kansa ya yi gargaɗi cewa babu mai iya tabbatar wa kowa matsayi na ɗaya, kuma shiga kundinsa ba a biyan ko kwabo. Duk wanda ya yi alƙawarin saman jeri cikin mako guda, ko ya ce yana da hanya ta musamman a kamfanin, abin a yi hattara da shi ne. Ƙiyasin da kamfanin ya taɓa bayarwa shi ne watanni huɗu zuwa shekara guda kafin a ga amfanin gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya: masaukin da ke son baƙin bikin Rigata na Yawuri su same shi, watanni kafin bikin ya kamata shafinsa ya shiga kundi.

Sauye-sauyen baya-bayan nan da yadda ake awo

A watan Mayun 2024 Google ya fara sanya taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako a Amurka, daga baya ya faɗaɗa ta zuwa ƙasashe fiye da 100. A watan Oktoban shekarar kuma ya sanar da shigar da Hausa cikin harsunan da ake iya bincike da murya. Na farkon yana nufin wasu masu nema za su samu amsa ba tare da sun shiga shafi ba. Na biyun yana nufin wanda bai iya rubutun boko ba zai iya tambaya da bakinsa, da cikakkiyar jimla, kamar yadda zai tambayi mutum a kasuwa. Duka biyun suna fifita shafin da ya amsa tambaya a sarari, da suna da wuri da adadi. Kasancewar rubutun Hausa a kan kasuwancin wannan yanki bai yawaita a intanet ba, wanda ya riga ya rubuta bayani mai inganci ba shi da abokan gasa da yawa.

Awon nasara yana cikin Search Console, wadda ke nuna kalmomin da aka rubuta har shafin ya fito, da sau nawa aka gan shi, da sau nawa aka latsa. Rajistar taswira ma tana nuna adadin waɗanda suka buga waya ko suka nemi kwatance. Mai kasuwa yana da haƙƙin ganin waɗannan alƙaluma da idonsa duk wata, ya kuma gwada su da littafin cinikinsa, ta hanyar tambayar kowane sabon abokin ciniki inda ya samu lambarsa. Idan bayan shekara guda baƙi suna shiga amma waya ba ta ƙara ba, to kalmomin da aka zaɓa na masu kallo ne, sai a koma a sake su da na masu saye.